Ina son haɗa na'urar tayar da tsohon babur da kayan gwangwan

Mai BSA, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da BSA B33 mai silinda ɗaya, cc 500, gadon mahaifina, irin waɗanda aka ƙera a Birmingham ta Ingila tsakanin 1947 da 1960. Ba shi da sitata, sai kik, ga shi gwiwata ta dama ba ta ɗaukar dukan kik yanzu, musamman idan ya mayar da ƙafa. Na ga masu tseren babur a Turai suna ɗora tayar baya a kan rola biyu, na'ura ta juya ta har injin ya kama. Ina da sitatar tsohuwar Hilux mai dizal da batir mai bolt 12. Me zan ƙara nema, kuma ta ina zan fara?

Ɗan Panteka:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Sitatar nan ta isa, tunda dizal take tayarwa. Ka shigo Panteka a Kaduna ka nemi fayif mai kauri, faɗin inci huɗu, a yanka maka guda biyu, kowanne ya ɗan fi faɗin taya. A zura shaf a tsakiya a yi walda, amma dole a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya daidaita shi, in ba haka ba rolar za ta riƙa tsalle tana cin boris. Boris huɗu masu gida, waɗanda ake ɗaurewa da noti kamar na injin markaɗe. Sarƙa da haƙoranta na tsohon Jincheng sun wadatar, ka haɗa rolar biyu da ita don dukkansu su ja, domin idan ɗaya ce kawai take ja, santsi za ta yi a ƙarƙashin taya da zarar fistin ya iso wurin matsi. A bi jikin fayif ɗin da layukan walda a tsaye don ya kama roba.

Abu ɗaya kafin a kunna injin walda: ka sa wa sitatar wuta a ƙasa ka ga ta ina take juyawa. Saman rola baya zai riƙa tafiya, sannan taya ta juya gaba.

Mai wayarin, Kofar Ruwa:
Oga ya gama maganar ƙarfe, ni ta wuta zan yi. Sitata tana jan amfiya ɗaruruwa a lokacin da take fama, don haka wayar batirin mota mai kauri za ka sa, gajera. Makunnin ƙafa kuma kada ya ɗauki wannan wutar, solanoid ɗin, wato makunnin maganaɗisu da ke jikin sitata, kawai zai taɓa. Kada ka riƙe ta fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka bar ta ta huce. Ka rufe sarƙar da faranti, don Allah, babbar riga da sarƙa ba sa shiri.

Baba Bakanike:
Ɗana, ka haɗa, zai taimaki gwiwarka. Ka zauna a kan babur ɗin da nauyinka duka, giya ta biyu, kuloci a matse, birkin gaba a riƙe, tunda rolar za ta tura ka baya. Ka taka makunni, sai taya ta ɗauki gudu ka saki kuloci, yana kamawa ka sake matsewa nan take.

Amma abin da ya dame ni shi ne mayar da ƙafar da ka ce yana yi. B33 na kafin 1958 maganeto gare shi, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, kuma akwai ɗan hannu na sassauta matsi. Mai lafiyarsa ba ya wahalar da mutum haka. Ko dai wutar tana zuwa da wuri fiye da kima, ko maganeton ya yi sanyi, sai an juya shi da sauri yake ba da tartsatsi. Rola za ta rufe maka wannan matsalar a gida, ranar da ya mutu maka a hanyar Funtuwa kuwa ba ta tare da kai.

Mai BSA, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, gobe zan cire fulogi in duba launin tartsatsin tukuna. Oga Ɗan Panteka, tayar inci 19 ce, tazara nawa zan bari tsakanin rolar biyu?