Don me Bulus ya yi wa Timoti kaciya, ya ƙi a yi wa Titus?

Maman Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Laraba a zumuntar mata muna kan Ayyukan Manzanni sura 15, inda manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima suka yanke cewa ba sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya ba kafin a karɓe su. Ina ta zuba bayani, sai wata tsohuwa ta gyara tabarau, ta lashi yatsa ta juya shafi ɗaya tak, ta nuna mini 16:3. Ta ce, "To 'yata, ga Bulus ɗin naki ya yi wa Timoti." Na yi tsuru-tsuru, na ce sai mako mai zuwa. Baki biyu ya yi ne?

Tsohon Mai Bishara: 'Yata, dubi iyayensu. Timoti ɗan Listira ne, uwa Bayahudiya, uba Bahelene, kuma Yahudawan yankin kaf sun san uban. Bulus kuwa duk garin da ya shiga, majami'ar Yahudawa yake fara nufa. Ya shiga da saurayin haka nan, wa zai saurare shi? Titus Bahelene ne gaba da baya. A kansa an so a mai da kaciya sharaɗin ceto, nan Bulus ya kafe. Karanta Galatiyawa 2:3.

Ɗan Kwana: Baba, da izininka in ƙara. Ni a ganina rigimar ta fi zafi wajen akushi. A Antakiya Bitrus yana cin abinci da al'ummai lafiya lau, da mutanen Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, suka iso sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi shi. Bitrus fa, wanda ya shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba, a Kaisariya da ƙafarsa! Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Ku lura da abin da taron nan na Urushalima na wajen shekara ta 49 ya hana: abin da aka miƙa wa gumaka, jini, naman da aka maƙare, da fasikanci. Uku cikin huɗu maganar ci ce.

Maman Biyu: Na gode Baba. Ɗan Kwana, taka ta fi taɓa ni. Ka yi baftisma, ka zo da kwanonka, a matsa maka gefe. Amma na san tsohuwar nan, cewa za ta yi ashe Timoti ne ya sha wuƙa don Bulus ya samu shiga. Me zan ce mata?

Tsohon Mai Bishara: Ki ce mata haka ne.