Kabad ɗin Kaka da Shirin Azumi: Shawarwarin 'Yan Zaure

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Da aka raba kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, kabad ɗinta mai gilashi ne ya faɗo rabona, da akwatin ƙarfe mai zanen furanni, da kwallaye da samiru. Katakon kabad ɗin na da nauyi sosai, amma fentin ya yi ɓawo yana zuba, kuma ƙafa ɗaya ina ganin gari-gari a ƙarƙashinta. 'Yan gida na cewa in sayar in sayi na zamani, ni kuwa raina bai ba ni ba. Azumi saura wata guda, ina so kafin Sallah ya tsaya a falo da kyansa. Ta ina zan fara?

Gwaggo ta Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. 'Yata, kada ki sayar. Kabad irin na zamaninmu da madaci ake yin su, shi ya sa kike jin nauyin nan. Na yanzu da yawa garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, ruwan mofa kawai ya taɓa gindinsa sai ya kumbura. Naki ya ga damina nawa yana tsaye?

Maman Ilham: Amin Gwaggo, na gode. Wallahi abin da zuciyata ke faɗa mini kenan.

Maman 'Yan Biyu: Maman Ilham, fara da garin nan, fenti ya jira. Abban su kafinta ne, na karanta masa saƙonki. Ya ce ki duba da kyau: idan ƙananan ramuka ne kamar na allura, gari mai laushi na fitowa, ƙwaron katako ne. Idan kuma kin ga hanyar jar ƙasa ta bi jikin ƙafar ta hau sama, gara ce, kuma daga ƙasan ɗakin ko bango take zuwa, sai an bi ta har can. Ki sayi maganin katako irin su Solignum, ki zuƙa a sirinji ki ɗura a kowane rami, ki shafe ƙafafun da bayan kabad ɗin da burushi. A waje za a yi, warin na da ƙarfi. Bayan ya bushe sai a kwaɓa garin katako da gam a toshe ramukan. Idan ƙafar ta ci har tsinke na shiga cikinta, a cire a yi sabuwa kawai, kafinta ya kwaikwayi sassaƙar sauran.

Anti Nas: Mu a gida baƙin mai ake shafawa a ƙafar.

Maman 'Yan Biyu: A katakon rufi dai ana yi, Anti, amma ban da kayan falo. Fenti ba ya kama wurin da baƙin mai ya shiga, kuma zai ɓata mata leda ko kafet.

Anti Nas: To na ji. Ni abin da ya fi damuna shi ne kankare tsohon fentin, don aikin asibiti nake yi. Fentin mai na da, musamman ja da ɗorawa da kore, da yawansu akwai dalma a ciki. Kun tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta ɗaya ce, ƙura ce yaro ya shaƙa ko ya kai hannu baki. Don Allah kada a goge shi a bushe a tsakar gida yara na wasa. A shimfiɗa leda, a riƙa jiƙa sanfefa da ruwa, mai aikin ya sa takunkumi, a tattare ɓawon a ƙulle a zubar. Kada a ƙona fentin da wuta don ya saki. Mai juna biyu kuma ko kusa kada ta je.

Maman Ilham: Innalillahi, ban taɓa kawo wannan ba. Ƙaramin nawa rarrafe yake yi, komai ya gani baki. Allah ya saka da alheri Anti.

Amaryar Tudun Wada: Idan an gama gogewa ki yi masa fari ƙal, ki canza mariƙan zuwa masu ruwan gwal. Shi ake yayi yanzu, zai shiga da kowane labule.

Gwaggo ta Fagge: Amarya, madacin za a rufe da fari? A kankare a ga jan katakon tukuna. Idan fuskarsa lafiya take, banish kawai yake so, ya fito da jijiyoyin itacen.

Amaryar Tudun Wada: Gwaggo ku yi haƙuri, falon Maman Ilham ba shi da girma, na sani. Katako mai duhu zai ƙara cushe shi.

Maman 'Yan Biyu: Kowa na da gaskiyarsa. Abin da na yi wa nawa: waje banish, ciki kuma, bayan gilashin inda ake jere, na sa fenti mai haske, ruwan madara. Kwanukan suka fito sosai, kabad ɗin bai rasa kamanninsa na da ba. Idan kuma kin kankare kin tarar da faci-faci na filawud, to fenti ya halatta. A fara da fentin ƙasa, wato shafin farko da ke riƙe fenti a jikin katako, ya bushe, a bi da sanfefa mai laushi, sannan fentin mai shafi biyu marasa kauri. Shafi mai kauri shi ke zubar da hawaye a jiki, ya daɗe yana danƙo. Kowane shafi a bar shi ya kwana.

Hajiya ta Damagaram: Sannunku da hira. Ba ku yi maganar lokaci ba. Hunturu muke ciki, a nan wajenmu ƙura har cikin kwano mai murfi take shiga. Fenti ɗanye a tsakar gida yanzu, kafin la'asar ya zama kamar an barbaɗa masa gari. A yi gogewar a waje, amma shafin a kai shi shago ko ɗakin da ba a kwana, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rataya tsohon zani jiƙaƙƙe a taga, iska na shiga ƙura na tsayawa. Amfanin hunturu shi ne fenti na saurin bushewa. Da damina katako ya sha laima, durowa ma ƙin buɗuwa take yi, fentin da aka shafa lokacin yakan tashi daga baya. Wanda ba ya sauri ya jira kaka, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta sauko ba.

Maman Ilham: Hajiya, akwatin ƙarfen fa? Furannin sun dushe, gindin ya yi tsatsa.

Hajiya ta Damagaram: Kada ki taɓa furannin, 'yata. Da hannu masu yin akwatin suka zana su, in kin rufe ba mai dawo miki da su. Ki wanke da ruwan sabulu da tsumma mai laushi, ki tsane shi sosai. Gindin kaɗai za a goge da burushin waya, a sa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke sa wa ƙofa, a bi da baƙi. Saman kuma banish mara launi, shafi ɗaya, za ki ga jan da koren sun farfaɗo. Nawa yana gefen kujera, ciki darduma da sallaya na baƙi, sama na ɗora faifai da kaskon turare. Ki sa masa 'yan katakai a ƙasa kada ya zauna kan siminti.

Amaryar Tudun Wada: A Kano ina ake samun kayan aikin da arha?

Maman 'Yan Biyu: Fenti, tina na tsinka fenti, sanfefa da burushi, kasuwar Ƙofar Ruwa. Yadin labule da na tufatar da filo, Kantin Kwari. Faifai, mafici, ƙwarya mai zane da filon fata, Kurmi. Ki riƙe tsohon mariƙi ɗaya a jaka idan za ki nemi sabo, tazarar ramukan kusa ba ɗaya ba ce.

Gwaggo ta Fagge: Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, har gobe ba inda ya kai ta kayan hannu. In kin shiga ki wuce Ƙofar Mata ki ɗauko zanen baba ɗaya, ki yafa a kan teburi ko bayan doguwar kujera. Amma ki fara wanke shi shi kaɗai, yana zuba. Sannan ku yaran yanzu, ba sai an sauya komai duk Sallah ba. Mu da, jere muke saukewa mu wanke, a yi wa ɗaki daɓe ko shafe, a canza zanin gado, a turara. Yanzu da sanyi ki bar kafet da labule mai kauri. Sallah za ta zo zafi ya fara, sai ki naɗe kafet ki shimfiɗa tabarma mai kyau, ki sa labule mara nauyi, ki ajiye randa a inuwa da mazubi mai tsabta. Ɗaki ya sake kenan, ba ki ci bashi ba.

Anti Nas: Turaren wuta kuma a nisanta kaskon da sabon fenti da gwangwanin tina, suna kama wuta.

Maman Ilham: To kwallayen da samirun, a ci abinci a ciki ko ado kawai? Wasu a gindinsu an rubuta Hong Kong.

Anti Nas: Wanda cikinsa bai fashe ba ki zuba tuwo, waina, cincin. Wanda ya ɓantare baƙin ƙarfe ya bayyana, ya koma jere. Kada ki jiƙa zoɓo ko tsamiya a cikinsa, tsami na cin wurin. Kuma ban da soson ƙarfe wajen wanki.

Gwaggo ta Fagge: Jeren ma da tsarinsa. Manyan kwallaye a ƙasa, samiru a tsakiya daga babba zuwa ƙarama, tangaran a sama inda hannun yaro ba ya kai. Faranti a jingine shi ya kalli mai shigowa. Ki bar babbar kwalla ɗaya ba komai a ciki, ta nakiya ce da alkaki. Murfinta na kamawa, ga hunturu ba laima, sai su daɗe ba su yi komai ba.

Amaryar Tudun Wada: Gwaggo tunda kun ambata, don Allah nakiya. Wannan ce Sallata ta farko a gidana, dangin miji za su zo.

Gwaggo ta Fagge: Shinkafar tuwo za ki wanke ki jiƙa, ki tsane, a daka ko a niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan kimba. Ki tankaɗe, ki soya garin a busasshiyar tukunya da wuta kaɗan kina juyawa har ya yi ƙamshi ya sauya launi. Nan ne aikin yake, in gari bai soyu ba ɗanye-ɗanye za ki ji, kuma ba za ta ajiyu ba. Ki dafa sukari da ruwa har ya yi danƙo, ko ki sa zuma in da hali, ki zuba kan garin da soyayyen man shanu, a kirɓa a turmi har ta haɗe. Man shanun ki soya shi da albasa tukuna, ki tace. Ki mulmula da ɗuminta.

Hajiya ta Damagaram: Amarya, ga baƙi kuma ki yi waina da miyar taushe, ba wanda zai raina. Kabewa ta dahu ta narke a ruwan nama, ki sa jajjagen tattasai da attaruhu da daddawa, gyaɗa markaɗaɗɗiya ta biyo, alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe don kada ganyen ya mutu. Ƙashi mai ɓargo ya fi tsoka daɗi a taushe.

Amaryar Tudun Wada: Wainata kullum kamawa take yi a tanda, Hajiya.

Hajiya ta Damagaram: Sabuwar tanda ce?

Amaryar Tudun Wada: Eh, ta ƙasa, cikin kayan gara ta zo.

Hajiya ta Damagaram: Ba ta sha mai ba ne. Ki shafe ramukan da mai ki ɗora a wuta kaɗan, ta huce, ki sake, har cikin ya yi baƙi yana sheƙi. Kada ki wanke ta da omo, tsumma kawai. A ƙullun kuma ki dafa kashi ɗaya cikin huɗu na shinkafar ki haɗa da jiƙaƙƙiyar kafin a kai markaɗe. Da sanyin nan ƙullu ba ya tashi da wuri, ki kwaɓa yis da ruwan ɗumi, ki rufe ki ajiye kusa da murhu ya kwana. Da safe in ya yi tsami ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan.

Maman 'Yan Biyu: Tunda an shiga kicin, ku tuna yanzu ne tumatirin rani na Kadawa da Kura ke cika kasuwa. Ku sayi kwando ku raba, a markaɗa da tattasai a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba a ƙananan robobi a sa a firiza. Wadda wutarsu ba ta tsayawa ta yanka ta shanya kauɗa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Wake na ƙosai ma a surfa a shanya tun yanzu, gero na kunu a gyara. Ranar azumi sai dai ki jiƙa.

Maman Ilham: Allah ya biya ku duka. Ga yadda na tsara: maganin ƙwari da gyaran ƙafa wannan makon, gogewa a bayan gida yara na makaranta, ƙaramin in kai shi wajen Umma. Waje banish, ciki ruwan madara. Maman 'Yan Biyu, gilashin fa, a cire kafin a fara?

Maman 'Yan Biyu: In 'yan siraran katako ne suka riƙe shi, kafinta ya ɓamɓare a hankali ya ajiye gilashin a gefe, tsohon gilashi siriri ne. In ya ƙi fita a bar shi, a bi gefensa da salatif na takarda a rufe tsakiyar da jarida. Kuma kada ki yi jere sai warin ya fita gaba ɗaya, ki bar ƙofofin a buɗe kamar mako guda, in ba haka ba gindin kwanukan zai manne a fentin.

Amaryar Tudun Wada: Gwaggo, mudu ɗaya na shinkafa zai isa nakiyar, ko in ƙara?

Gwaggo ta Fagge: Yi biyu. Za ki aika wa uwar mijinki da kwano, maƙwabta ma su ɗanɗana. Ki fara gwada gwangwani biyu kafin azumi, ki turo mini hoton garin bayan kin soya in ga launinsa.