Yadda ake gane bugun farko na littafin Harry Potter

Shawarwarin da masu harkar tsofaffin littattafai suka bayar sun karkata kan abu ɗaya: kada a yarda da bango, a buɗe ciki. Kamfanin Bloomsbury ne ya fitar da littafin farko na J.K. Rowling, mai suna "Harry Potter and the Philosopher's Stone", a Landan ranar 26 ga Yuni 1997, kuma kwafi 500 kacal aka buga masu bango mai kauri. Kusan 300 sun tafi ɗakunan karatu, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ke ɗauke da hatimi da gefuna a ƙoƙe.

A fara da shafin haƙƙin mallaka. Dole lambobin da ke nuna zubin bugu su jeru daga 10 su sauko har 1. In 1 ɗin ta ɓace, bugu na baya ne. Sunan marubuciyar a nan Joanne Rowling yake. Sai shafi na 53, inda aka lissafa kayan makarantar Harry: an rubuta "1 wand" (sandar tsafi ɗaya) sau biyu. A bayan bango kuma an ci harafin "o" ɗaya, aka rubuta "Philospher's".

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne tambarin kyauta. Littafin ya ci kyautar Smarties ta littattafan yara ne bayan fitowarsa, don haka bangon da ke tallar kyautar ba na farko ba ne. Bugun Amurka na 1998 ma daban yake, har sunan an sauya.

Kada a manna salatif a shafin da ya yage, gam ɗinsa na barin tabo, kuma farashi ya faɗi.