Moto 125 daga Damagaram zuwa Gure: me za a gyara?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan'uwa. Moto 125 ne, in ya yi tafiya mai nisa sai ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. Me ya kamata a gyara kafin a kama hanyar Gure?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Fara cire buji ka duba bakinta. In ta yi fari fat, fetur ya yi wa injin kaɗan, shi ke kawo zafin: wanke karbireta, a ɗaga allurarta mataki ɗaya. In baƙa ce da toka, matatar iska ta toshe da ƙura. Sufaf kuma, wato bawul ɗin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a kan injin, a saita shi injin na sanyi, tazarar 0.08 mm. In ya matse, ƙarfi zai gudu da zarar injin ya ɗau zafi.

Na Sabon Gari: Malam, a canza baƙin mai tukuna, 20W-50, kusan lita ɗaya. Fetur ɗin kwalba na bakin titi kuwa a tace shi, yashi ke toshe jigila, 'yar kafar da mai ke bi a karbireta.

Baban Yara: Sarƙa fa? A bar mata wasan santimita 2 zuwa 3. Masu huda salansa don ƙara gudu, ƙara kawai suke samu, sufaf ne ke ƙonewa.