Kuɗin fito ne ko haraji? Yadda aka kwashe ta a zauren 'yan kasuwar hatsi na Gombe

Mai wake: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Na je ɗauko wake a wani ƙauye da ke hayin kogin Gongola. Motar da na ɗauka haya ta tsaya a bakin ruwa, tunda kwale-kwale ba ya ɗaukar mota, muka yi ta jigilar kaya buhu-buhu har la'asar. Na biya mai jirgi, sai ga wani yaro da littafi a hannu wai in ba da na ƙasa. Na ce ƙasar wa? Ya ce haka ake yi. Ni dai roƙona, gwamnatin jiha ta sayi jirgin fito mai ɗaukar mota da kuɗin jama'a, ta yi masa matsaya ta kankare a hayi biyu, ta yanka farashi ɗaya a rubuta a allo kowa ya gani. Wannan harajin da babu rasit ya ishe mu.

Ɗan fito: Alhaji, don Allah janye kalmar haraji. Kakana fito ya yi, ubana fito ya yi. Abin da kake ba mai jirgi ladan guminsa ne. Kai ka san nawa ake zuba wa inji mai tun da aka cire tallafi a 2023? Ka san kuɗin katako da kwalta na toshe jirgi?

Mai wake: Ɗana, ban ce naku ba. Na yaron mai littafi nake nufi.

Ɗan fito: Ai a dunƙule ka faɗa. Gobe wani ya ɗauki rubutun nan ya ce masu fito na karɓar haraji, a zo a kama na kamawa.

Baba tsohon akawu: Yaran yanzu ba ku san haraji ba. Haraji shi ne wanda mai unguwa ke bi gida-gida yana ƙirga kan maza baligai, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Na shanu kuma jangali. Su ne Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979. Abin da ake biya a mashigi kuɗin fito ne, wanda bai hau ruwa ba babu ruwansa da shi.

Ɗalibi a Kashere: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a ilmance duk kuɗin da hukuma ta ɗora dole haraji ne. Abin tambaya, yaron nan wa ya aiko shi? Hanyoyin ruwa na cikin ƙasa akwai hukumar tarayya da ke kula da su, NIWA, tun 1997, hedikwatarta na Lokoja.

Baba tsohon akawu: Shekara talatin da biyu ina rubuta rasit kafin a haife ka. Yanzu kai za ka koya min ma'anar haraji?

Ɗalibi a Kashere: Ban yi nufin raini ba, Baba.

Baba tsohon akawu: Ka ce "a ilmance". Mu a jahilce muke magana ke nan.

Ɗan Darazo: Ku yi ta faɗa a kan ruwan da ba naku ba. Gongola daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi tukuna. Duk mai zuwa Gombe daga Bauchi sai ya haye shi a gadar Dindima. Idan jirgi za a saya, mu ya kamata a fara yi wa.

Direban Bajoga: To ku tare shi mana a Dindima ku ga. Madatsar Dadin Kowa a ina take? A Yamaltu Deba. Tun 1984 ruwan yake kwance a wurinmu, megawat 40 na lantarki a wurinmu. Tun 1996 aka raba gari, aka cire jihar Gombe daga Bauchi, har yau abin bai bar ranku ba.

Ɗan Darazo: Wa ya gina madatsar? Lokacin da aka gama ta ai kuna cikin jihar Bauchi. Ɗa ba ya girma ya fi ubansa.

Direban Bajoga: Tarayya ce ta gina, ba Bauchi ba. Kuma ruwan ma bai tsaya a wurinku ko wurinmu ba, Numan yake tafiya ya faɗa Binuwai.

Hajiya mai masara: Bayin Allah, Alhaji maganar jirgi ya kawo. Ni na taɓa hayewa da wata mai naƙuda bayan magariba, ruwa ya cika, babu rigar kariya ko ɗaya a cikin jirgin, babura biyu a kanmu. Wallahi har muka sauka salati nake. Ku kira kuɗin duk sunan da kuka ga dama, in dai za a sa jirgin da motar asibiti za ta hau.

Direban Bajoga: Hajiya, gaskiyarki, amma jirgin gwamnati wa zai gyara shi idan ya lalace? Ku dubi tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja. Buhari ya buɗe ta a Janairun 2019, aka yi biki, ina jiragen? Gada ita ce magani. Ko a Ibi ta Taraba da ake haye Binuwai da motoci a kan jirgi, kukan mutanen gada ne.

Ɗalibi a Kashere: Baro ta kaya ce, ba ta fito ba. Kuma matsalarta hanya da yashe kogi.

Ɗan Darazo: Kada a sa sunan Buhari a nan. Aikin da wasu suka bari shi ya ƙarasa.

Direban Bajoga: Na zage shi ne? Na ce ya buɗe. Ko bai buɗe ba?

Ɗan fito: Har yanzu Alhaji bai janye ba fa. Kuma jirgin gwamnatin nan, idan ya zo, mu ina za mu? Za a ɗauko wani daga birni a ba shi albashi, mu da muka san inda ruwa ke juyi mu koma kallo.

Mai wake: Ikon Allah. Ni da aka karɓi kuɗina ni ne zan ba da haƙuri? Tun ɗazu babu wanda ya gaya min yaron nan aljihun wa yake kai wa.

Baba tsohon akawu: Da ka tambayi sarkin ruwan wurin kafin ka zo nan.

Mai wake: Baba, buhu goma sha biyu na tsaye a rana, in tafi neman sarkin ruwa?

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa kalmar haraji ba ta dace ba, kamar yadda Baba ya yi bayani, kuma shi ya fi mu sani. An kuma yarda masu fito mutanen kirki ne masu cin guminsu, ni shaida ne domin surukaina sana'arsu ke nan. Maganar jirgin gwamnati ba ta samu karɓuwa ba, misalin Baro ya wadatar. Ɗalibinmu ya nemi afuwar Baba ta bayan fage. Batun Bauchi da Gombe kuwa, kowa ya san inda madatsa take. Alhaji, gobe ka gyara rubutunka.

Hajiya mai masara: Shugaba, ni na goyi bayan jirgin, ba ka ambata ba.

Shugaban zaure: An rufe, Hajiya. Sai da safe.