Don Allah ku ba ni shawara kan ƙanina da waya

Salamu alaikum jama'a, ƙanina ɗan shekara 15 ne yana SS2, tun da aka saya masa waya shi ke nan ba ya ko kallon talabijin da mu, rediyo kuwa cewa yake na tsofaffi ne, sai TikTok da fina-finan Indiya na fassara har ƙarfe 2 na dare, asuba sai an yi ta fama kafin ya tashi. Na ƙwace wayar sati biyu ya koma aron ta abokai, na daina sa masa data ya samo Wi-Fi a maƙwabta. Baba ya ce a ƙyale shi yaro ne, ni kuma WAEC ɗinsa nake tsoro wallahi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ya yi?