Muhawara: aikin gida ci da gumi ne?

Malama Safiya: Wallahi na gaji da jin ana cewa mace "ba ta aikin komai, tana gida". Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da ba a biya. A rana mace tana yin awa 4 da minti 25, namiji awa 1 da minti 23. Babu albashi, babu fansho, kuma ba ya shiga lissafin arzikin ƙasa. Ci da gumin mata ne ƙarara, kowa ya sani, an dai yi gum ne.

Malam Auwal: Malama, ban musa alƙaluman ba, amma "ci da gumi" ta yi nauyi. Ci da gumi sai an samu wanda ke kwashe riba ya bar mai wahala da ragowa. Wa ke kwashe riba a cikin gida? Mijin da ke ciyarwa?

Dakta Rabi: Riba ba sai an ga kuɗi a hannu ba, Malam. Ma'aikaci ya fito aiki a ƙoshe, kayansa a wanke, yaransa a hannun mai kula da su. Kamfanin da ya ɗauke shi bai biya ko sisi a kan wannan ba, gwamnati ma ta huta da gina wuraren reno. Claudia Goldin, masaniyar tattalin arziki wadda ta samu kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa tazarar albashin mace da namiji ta fi buɗewa ne bayan haihuwar fari. Wanda ya ragu a albashinta ina ya tafi?

Barista Nura: Dakta, a doka ba haka ake ɗaukar kalmar ba. Yarjejeniyar ILO ta 29 ta 1930 ta ce aikin tilas shi ne wanda aka sa mutum bisa barazanar hukunci, ba da son ransa ba. Inda ci da gumi yake a fili shi ne 'yan aikin gida, sama da miliyan 75 a duniya, yawancinsu mata. Shi ya sa Yarjejeniya ta 189 ta 2011 ta tanadar musu hutun awa 24 a jere kowane mako da mafi ƙarancin albashi. Matsalar ita ce ƙasashe kaɗan ne suka sa hannu, kuma mai duba wuraren aiki ba ya shiga gidan mutum yadda yake shiga masana'anta.

Dakta Rabi: Wa ya ce aikin tilas? Ka sauya kalma ka ce ka kayar da mu.

Anti Lami: Barista dama duk inda Malam Auwal ya sa ƙafa nan kake sa taka. Ba mu taɓa ganin kun saɓa a zauren nan ba.

Barista Nura: Anti, ki kawo hujja, ki bar maganar wa ke bin wa.

Malam Auwal: Ni abin da na sani, wannan kalma daga littattafan 'yan feminizim, wato masu fafutukar 'yancin mata, na Turai aka ɗauko ta, ana son a mai da miji da mata ubangida da lebura.

Anti Lami: Ci da gumi ce aka ɗauko daga Turai? Haba Malam!

Malam Idi: Jama'a, a fara da awo kafin suna. Ma'aunin da masaniyar tattalin arziki Margaret Reid ta kawo a 1934 mai sauƙi ne: duk abin da za ka iya biyan wani ya yi maka, aiki ne. Girki aiki ne, barci ba aiki ba ne. Wajen auna lokacin aikin, ana ba mutane takarda su rubuta abin da suka yi cikin awa 24, kowane minti 10 ko 15 a layinsa. Inda ake tafka kuskure shi ne aiki biyu lokaci guda: mace tana girki tana kula da jariri, sai a rubuta girkin kawai, renon ya ɓace. Don haka awa 4 ɗin nan ma ta gaza gaskiya. Wajen sa farashi kuma, in an lissafa da albashin mai reno adadin yana yin ƙasa, domin albashin reno dama a karye yake.

Malama Safiya: Ga shi nan! Matan Ayislan sun ajiye aiki ranar 24 ga Oktoba 1975, kusan kashi 90 cikin ɗari, har gida har ofis, ƙasar ta tsaya cik.

Malam Auwal: Yajin aiki bai tabbatar da kalmarki ba, Malama. Ki janye ta mu ci gaba.

Malama Safiya: Ba zan janye ba. Kai ka janye maganar lebura.

Dakta Rabi: Kuma Barista bai amsa min ba har yanzu.

Mai kula da zaure: To, a tsaya nan. A taƙaice, an amince cewa mata suna ƙoƙari a gida kuma sun cancanci godiya. Barista Nura ya kawo hujjar doka mai ƙarfi cewa kalmar ci da gumi ba ta dace ba, kuma babu wanda ya iya rushe ta. Sauran bayanan na ƙasashen waje ne. Anti Lami, a daina taɓa mutuncin mutane, wannan gargaɗi ne. Na rufe sharhi.